Kunne ma yana tafiya

Yau ba zancen taki ko na rigakafi na kawo muku ba. Zancen kiɗa ne.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Ajina na dare ne, bayan sallar isha'i. Ran nan saura kaɗan a yi faɗa a ajin saboda waƙa. Wani saurayi da ya dawo daga Aljeriya ya kunna wayarsa kafin mu fara karatu. Kiɗan gita ne na Buzaye. Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, kashe mana wannan ƙarar gwangwani." Saurayin ya ce, "Baba, ai kunnenka ne bai taɓa wuce Kance ba." Aka yi dariya. Dattijon ya ɗauki littafinsa ya fita. Kwana uku bai zo ba.

Abin ya dame ni, domin ni ma na taɓa gaya wa mahaifina irin wannan magana.

Mu mutanen Matamai kunnenmu kudu yake kallo. Daura tana nan kusa, Kano ma ba nisa. Kowace shekara, in an gama girbi, mahaifina yakan tafi cin rani Kano. In zai dawo, tsarabarsa ta kansa kaset ce: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Mahaifiyata kuwa Barmani Coge take so, mai kiɗan ƙwarya. Da Shata ya rasu a 1999 ina yaro ƙarami, amma ban manta ba. Mahaifina ya wuni shiru kamar wansa ne ya mutu. A lokacin ni a ganina in babu kalangu, to babu waƙa.

Da na shiga makarantar horar da malamai a Damagaram, sai kunnena ya fara buɗewa. Na ji algaita da kakaki a ƙofar fada ranar sallah. Na ji waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo. Wani abokin ɗakina ɗan Gigimi ya sa mini Malam Mamman Barka. Shi ma malamin makaranta ne kafin ya shahara. Ya je bakin tafkin Cadi ya koyi biram, wani abin kiɗa na Buduma mai tsirkiya 5, mai kama da kwale-kwale, don kada ya ɓace. Ya rasu a 2018.

Bayan nan aka tura ni aiki jihar Agadas. Can gita ce sarauniya. Ko'ina Abdallah Oumbadougou ne da Bombino. Ba na jin harshen Buzaye, kuma da fari duk waƙoƙin iri ɗaya nake jin su. Sai wata rana na hau babbar mota zuwa Arlit. Hanya ta miƙe, babu gona, babu kuka, babu rumbu. Direba ya sa gita. Kiɗan yana maimaita kansa, hanya ma tana maimaita kanta. Nan na ji ya shige ni. Tun daga ranar nake son sa, har yau.

Da na zo hutu, na iske mahaifina da rediyonsa a zaure. Na ce, "Baba, har yanzu kiɗan tsofaffi kake ji?" Bai ce mini komai ba. Ya kashe rediyon, ya shiga gida.

Na koma Agadas. Wani dare na sanyi, a tasha, na tsaya wurin wani mai shayi ɗan Magariya. Shata yake ji. Da kalangu ya tashi, sai na ga zaurenmu, na ji ƙanshin raken lambunan garinmu. Hawaye suka zubo mini a gaban mutane. Washegari na sa aka cika mini katin waya da waƙoƙin Shata, na aika gida. Mahaifina bai taɓa tayar da maganar ba. Amma katin yana cikin rediyonsa har yanzu.

Saboda haka na je gidan dattijon nan. Ashe makaɗin gangar noma ne. A da, in za a yi gayya, shi ake fara kira. Yana kiɗa, samari suna tsere da hauya. Yanzu babu mai kiran sa. Gangar tana rataye, fatarta ta yage. Maganar yaron a kan wannan miki ta faɗa.

Na zauna da saurayin kuma. Shekara biyu ya yi yana leburanci a Tamanrasset. Kun san hanyar nan. A 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a kanta, yawancinsu mata da yara na ƙasar Kance. Ya ce lokacin da ya kwanta ciwo can, wani Buzu ne ya yi jinyarsa, kuma wannan kiɗan mutumin yake ji kullum. Ban san haka ba, dattijon ma bai sani ba.

Daren da dattijon ya dawo, na ajiye darasin lissafi. Na ce kowa ya faɗi abin kiɗan da ya sani da inda ya fara jin sa, mu rubuta a allo. Muka rubuta ganga, kalangu, goge, gurmi, kuntigi, algaita, ƙwarya, gita. A kan ƙwarya muka daɗe, domin rabin ajin sun manta ƙugiyar ƙ.

Saurayin ne ya sayo fatar akuya ran kasuwa, aka ɗaure gangar. Dattijon har yau yana cewa gita ƙarar gwangwani ce. Amma shekaranjiya, da muka tashi, na ji yana cewa, "Kai yaro, sake sa ta Buzun nan. Me ma yake faɗi?"