In ƙwallo ta ƙi shiga raga, laifin antirenar kashi nawa ne?



Mu da ke riƙe da filin wasanni a rediyo mun san wani kiran waya da ba ya canzawa. Ko Mena ce ta buga, ko ekip ɗin gari a gasar babban hutu ta TGV, in anka tashi ba a ci ƙwallo ba, mai kira na farko zai ce: "A kore antirenar, wallahi bai san komi ba." Na biyu shi ƙara gishiri, na uku shi kawo sunan wanda za a ɗauko. Da wuya ka ji wanda ya tambayi sau nawa ƴan gaba sunka buga wa raga, ko sau nawa ƙwallo ta isa gare su. Maganar ta fi ƙarfin minti biyu na waya, shi ya sa munka kawo ta nan. In ekip ba ta cin ƙwallo, kashi nawa ne na mai horarwa cikin laifin?

Mu fara da Mena, tunda ita kowa ya sani.

A watan Oktoba na 2010 Masar ta zo Yamai, tana riƙe da kofin Afirka karo uku a jere. Moussa Maazou ya jefa mata ɗaya, anka tashi 1-0. Bayan nan Mena ta ci Saliyo 3-1, ta ci Afirka ta Kudu 2-1, duk a filin Seyni Kountché, ta samu tikitin CAN 2012, karon farko a tarihinmu. Harouna Doula ne antirenar, kuma hukumar CAF ta ba shi kyautar gwanin masu horarwa na Afirka na 2011. Amma akwai abin da murna ta rufe mana ido a kai. Ƙwallaye 6 da Mena ta ci a wancan zagaye duk a gida ne. A waje an ci mu 2-0 a Afirka ta Kudu, 1-0 a Saliyo, 3-0 a Masar. Ko ɗaya ba mu jefa ba. Ciwon yana nan tun kafin a hau jirgin Gabon.

A Libreville, wasan farko, Gabon ta ci mu 2-0. Nan take anka ture Doula gefe, Bafaranshen nan Rolland Courbis, wanda anka kawo don shi ba da shawara, shi ne ya koma ba da umarni. Mutumin da Afirka duka ta yaba watan jiya, wasa guda ya isa a ce bai iya ba. To, mi ya canza? Tunisiya ta ci mu 2-1, William N'Gounou ya ci tamu. Maroko ta ci mu 1-0. Munka dawo gida da ƙwallo guda tal.

Bayan ƴan watanni, anka ɗauko Bajamushe Gernot Rohr. Ku riƙe sunan nan da kyau, don shi ne antirenar ɗin Gabon da ta ci mu a 2012. A wancan CAN ɗin, ekip ɗinsa ta jefa ƙwallo 6 a wasanni uku na rukuni, da Aubameyang a gaba. Rohr ya zo, Mena ta ci Gine 2-0 a Yamai, ta tafi CAN 2013 a Afirka ta Kudu. Mali ta ci mu 1-0, munka yi canjaras 0-0 da Kwango Kinshasa, shi ma albarkacin hannun gardiyan Daouda Kassaly, Gana ta rufe da 3-0. Ba mu jefa ko ɗaya ba. Rohr ɗin dai ya koma Najeriya daga baya, ya kai ta gasar duniya ta 2018, ya zo na uku a CAN 2019, inda Odion Ighalo ya fi kowa cin ƙwallo da guda 5.

Ku haɗa lissafin da kanku. Masu horarwa uku, ɗan ƙasa da Bafaranshe da Bajamushe, wasa shida a CAN, ƙwallo ɗaya. Mutum guda kuma, da Gabon ƙwallo na shiga, da Najeriya tana shiga, da mu ta ƙi. In da kan antirenar kaɗai abin yake, lissafin ba zai fito haka ba.

Ga na kusa-kusa. A neman tikitin CAN 2025, Badou Zaki na Maroko ke riƙe da Mena. Wasanni huɗu na farko ƙwallo ɗaya munka ci, wadda munka rama wa Gana anka tashi 1-1. A fada-fada maganar guda ce: tsohon gardiyan ne, ƙaƙa mai tsaron gida za shi koya wa yara cin gida? Sai ga Nuwamba 2024, Mena ta ci Sudan 4-0 a Lome, bayan ƴan kwanaki ta bi Gana har Akkara ta ci ta 2-1. Ƙwallo 6 a wasa biyu, antirenar bai canza ba, yaran ma kusan su ne. Maki guda ya raba mu da tikitin. Kuma ku lura da inda munka karɓi baƙi: Gana a Maroko, Sudan a Togo, saboda CAF ba ta amince da filinmu na Yamai ba. Ekip ɗin da tarihi ya nuna a gida take cin ƙwallo, an hana ta gida. Wannan ba antirenar ke gyara shi ba.

Kada wani shi ce muna wanke masu horarwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai abin da yake nasu, ba mai ɗauke musu.

Na farko shi ne zaɓe. Shi ke cewa wane shi shiga, wane shi zauna. In ya ajiye yaron da ke kan ganiyarsa ya sa mai suna da ya yi wata uku bai buga ba, ko ya sa ɗan wanda ya saya wa ekip riguna, wannan nasa ne.

Na biyu shi ne tsari. Mun sha ganin ekip ta koma baya duka, sai a narka doguwar ƙwallo gaba, a bar mutum guda shi yi tsere da masu tsaron baya huɗu. Ko barewa ce, bayan minti sittin ta gaji. In ɗan gaba ya yini shi kaɗai kamar maraya, ba mai kawo mishi ƙwallo a ƙafa, ba mai bin bayansa, ba shi ne ya tsara haka ba.

Na uku shi ne ƙwallon da ke tsaye, korna da bugun laifi. Ekip mai rauni a nan take samun abincinta, don ba ya son gwaninta mai yawa, maimaitawa yake so. In an samu korna takwas duk an buga su iri ɗaya, duk sun faɗa hannun gardiyan, a tambayi antirenar mi anka yi a atisaye.

Na huɗu shi ne canji. An ci ka ɗaya, saura minti ashirin, ka fidda ɗan gaba ka sa mai tsaron baya don kada a ƙara maka. Wannan tsoro ne, kuma daga benci ya fito.

A ƙasashen da ke da hali, har mutum na musamman ake ɗauka don ƴan gaba kaɗai. Beljiyam ta ɗauki Thierry Henry mataimaki a 2016, yana aiki da su Lukaku, kuma a gasar duniya ta 2018 ita ta fi kowa jefa ƙwallo, guda 16. Amma Henry bai ƙera Lukaku ba, bai ƙera Hazard da De Bruyne ba. Ya tarar da wuƙa, ya wasa ta. A ƙwallon Amurka da ake rungumewa a gudu, akwai wanda aikinsa ke nan kawai, tsara kai hari, kuma in maki ya ƙi zuwa shi ake fara nuna wa yatsa. Halin ɗan Adam ne ko'ina. Korar mutum ɗaya ta fi korar goma sha ɗaya sauƙi, ta fi gina fili arha.

To ƙaƙa za mu gane rabon kowa? Ga ma'aunin da muke ba masu saurarenmu, ba ya son boko mai zurfi, ido kawai da haƙuri. In kana kallon wasa, ƙirga sau nawa ƙwallo ta shiga da'irar gardiyan ɗin abokan karawa tana ƙafar namu, ka ƙirga sau nawa anka buga wa raga. In an samu dama bakwai ko takwas, yaro ya tsaya shi da gardiyan ya harba sama, antirenar ya yi nasa, ba shi zai shiga fili ya buga ba. In an yi minti casa'in gardiyan ɗinsu bai ko ƙazantar da rigarsa ba, wannan tsari ne, a tuhumi mai tsarawa. In kuwa an canza masu horarwa uku ciwon na nan, a bar dukan taiki, a dubi jakin. A ganinmu, in laifin nan naman watanda ne anka kasa shi uku, kashi ɗaya ne na antirenar, ɗaya na masu bugawa, ɗaya na gidan da ya rene su, hukuma da gari duka. Ra'ayi ne, ba ƙididdiga ba, amma tarihin Mena bai ƙaryata shi ba.

Kashi na ukun shi muka fi sani a nan Arewa, don a gabanmu yake. Ku duba yadda yaro ke koyon ƙwallo a Lugu ko kowane ƙauye na ƙasar Dankasari. Fili rairayi ne, raga icce biyu ne da igiya a sama. Ƙwallo guda ce ga yara ashirin da wani abu. Mai son shi iya cin gida sai ya buga wa raga sau hamsin a yamma guda, hagu da dama da kai. Da ƙwallo ɗaya, bugu guda in ya wuce sama sai a shiga gonar hatsi biɗarta, a dawo an cire ƙaya, rana ta faɗi. Saboda haka ba a atisayen bugu sam, raba gida biyu kawai ake a shiga wasa. Yaranmu sun iya gudu, sun iya yanka, sun iya jure wahala, amma abin da ba su taɓa maimaitawa ba shi muke zagin su a kai ranar gasa. Ga TGV da damina take faɗowa, ɗan gaban da muke jira shi ci mana gida da la'asar tun asuba yana gona. Wanda ya fara fice kuma, kafin shi kai ashirin ya tafi Najeriya ko wajen zinariya, don ƙwallo ba ta cika rumbu. Badi sai a sake sabon lale. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa kullum ranar tafiya muke biɗar wuƙa.

Wa ke riƙe da waɗannan yara? Yawanci mushen lakwal ne, ko wani tsohon ɗan wasa da gwiwa ta hana. Ba albashi. Shi ke sayen ƙwallo, shi ke biyan kabu-kabu, shi ke zuwa gida-gida yana roƙon iyaye su bar ɗiyansu su zo. In anka fidda ekip da 0-0 da bugun fenariti, shi ake bi da ihu har ƙofar gida, a kira rediyo a ambaci sunansa, matarsa na ji, ɗalibansa na ji. Masu horarwa irin su Rohr da Courbis in an sallame su jirgi suke hawa, wani aiki na jiransu. Mushe ba inda za shi, gobe a kasuwa za ku haɗu. Abin da yake yi shi ne shi ce ya bari. Kuma in ya bari, ba wani gwani ke zuwa daga Yamai ya maye shi ba, ekip ɗin ce ke mutuwa, yaran su koma zaman fada da shayi. Wannan ita ce asarar da ta fi 0-0 ciwo, kuma mun ga ta faru a gari fiye da ɗaya.

Mu mutanen jihar Doso mun san kokowa, mun ga Issaka Issaka ya ɗauko takobi ba sau ɗaya ba. In ɗan kokowa ya faɗi a fage, ba wanda ke rugawa shi kama mai horar da shi tun kafin a kaɗe ƙasa. Ana duba ƙarfinsa, ana duba shirinsa, ana duba wanda ya kada shi, wani lokaci a ce ranar ba tasa ba ce. Wannan adalcin muke roƙo a kawo wa ƙwallo.

Ba mu ce a daina suka ba. Filinmu na rediyo a buɗe yake, kuma antirenar da ya yi son kai a zaɓe ko ya ƙi gyara tsarinsa zai ji daga gare mu. Amma mai kira shi zo da hujja: wa ya kamata a sa, a wane gurbi, dama nawa anka samu. Ƴan Arewa da ke Yamai, Kwatano, Legas da sauran wurare, masu turo kuɗin kofi da riguna kowace shekara, muna ba ku shawara: bana ku rage girman kofin, ku sayi ƙwallo biyar ko shida da raga guda ga kowace ekip, ku tura tun kafin ruwa shi sauka. Magadan gari su ware fili, a share ƙaya. In an yi haka shekara biyu ƙwallo ta ƙi shiga, sai mu zauna da antirenar mu yi mishi tambayoyi, kuma a lokacin ba shi da wurin ɓuya.

Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku ƙwallo nawa ekip ke atisaye da ita, kuma wa ya saye ta? Allah shi ba mu damina mai albarka, shi ba Mena sa'a.