Neman Naman Kaza a Dajin Berga

A ƙarshen watan Oktoba muka sauka a Berga, wani ƙaramin gari a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen. Yana gindin duwatsun Firenis, wajen kilomita 100 arewa da birnin Basalona. Iyalin da suka ba mu masauki masu bi ne. Da muka gama addu'ar dare, sai tsohon gidan ya ce gobe kowa ya tashi da asuba, gama an yi ruwa makonnin baya, naman kaza ya fito.

Mun yi mamaki. A wurinmu da yawa ba sa kula da lemar kwaɗi. Amma a nan, idan kaka ta yi, mutane sukan fito daga birane da kwanduna su bazu cikin daji, har a kasuwa ana sayar da shi da tsada.

Gari na wayewa muka kama hawan dutse. Dajin duk na itacen fayin ne, dogon itace mai ganye siriri kamar allura, wanda ba ya kaɗewa ko da sanyi. Busassun alluran sun rufe ƙasa kamar tabarma. Tsohon yana gaba da sanda, jikarsa 'yar shekara tara tana biye da shi. Takan kira shi Avi, wato kaka da harshensu.

Da farko ba mu ga kome ba. Shi kuwa sai ya tsaya, ya ɗaga alluran da bakin sanda, ga abin nan a ɓoye. Faɗinsa kamar tafin hannun yaro, launinsa irin na karas, da zobe-zobe a kansa, tsakiyarsa ta ɗan lotsa. Ya yanke shi daga gindi da ƙaramar wuƙa, ya kira mu kusa.

"Ku duba da kyau," in ji shi. Daga wurin yankan wani ruwa ya tsattsafo kamar nono, amma launinsa na karas ne, har ya rina masa yatsa. Ya nuna mana ƙafar, cikinta rami ne, bayanta da ɗigo-ɗigo kamar an dangwala. Wurin da ya murje kuwa, bayan wani lokaci sai ya koma tsanwa. Wannan suke kira pinetell. Akwai ɗan'uwansa mai jan ruwa kamar jini, shi ne rovelló. Dukansu ana ci. Linnaeus, masanin tsiro na ƙasar Suwidin, shi ya rubuta na farkon a 1753, ya ba shi suna da Latin mai ma'anar "mai daɗi".

Ba ya fitowa sai kusa da fayin. Dalili kuwa, ainihin jikinsa zare ne sirara a cikin ƙasa, sun nannaɗe saiwoyin itacen. Zaren yana jawo wa itacen ruwa da abincin ƙasa, itacen kuma yana ba shi zaƙin da ganyensa suka yi. Haka Mahalicci ya shirya su, kowa na taimakon ɗan'uwansa.

Da rana ta yi sama mun sami wajen 20, sai muka ɗauka mun gwanance. Muka ratse zuwa wani kwari mai laima inda akwai itatuwa masu farin ɓawo. Nan muka tarar da su birjik, da zobe-zobe kamar na ɗazu. Muka tsinka da murna, muka zuba a kwando ɗaya da na farko, wanda za a dafa wa dukan gida.

Yarinyar ce ta leƙa kwandon, ta yi kira, "Avi, zo ka gani!" Tsohon ya zo, ya ɗauki ɗaya ya yanka. Ruwan da ya fito fari fat ne. Ya juya shi, ya nuna mana gashi-gashi a bakin lemar kamar ulu. Ya ce wannan shi ne rovelló na akuya, abokin itace mai farin ɓawo ne, ba na fayin ba. Wanda ya gasa shi ya ci zai sha amai da gudawa. Ya juye kwandon a ƙasa, ya bi su ɗaya ɗaya da wuƙa. Kunya ta kama mu.

Bai yi mana faɗa ba. Sai ya gaya mana akwai wanda ya fi wannan mugunta, suna kiransa farinera borda. Wanda ya ci ba ya jin kome sai bayan awa 6 ko fiye, sa'an nan dafin ya riga ya kama hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi. Dokar gidansa ɗaya ce: abin da ba ka tabbata ba, ka bar shi inda yake.

Da yamma uwargida ta gasa na kirkin a kan garwashi da man zaitun da tafarnuwa da gishiri. Muka yi godiya ga Allah, muka ci. Ta kuma faɗakar da mu kada mu tsorata in fitsari ya yi ja washegari, halin abincin ke nan, ba ciwo ba ne.

Ya ku iyaye, alamun nan na dajin Berga ne, kada kowa ya gwada su a kan abin da ke fitowa bayan gida da damina. Ku hana yara cin lemar kwaɗin da babba masani bai duba ba. Amma akwai abin da muka kawo gida. Mu da muka dubi kamanni kaɗai mun ruɗu, yarinyar da ta saba bin kakanta ba ta ruɗu ba. Haka zancen koyarwa yake, akwai ta gaskiya, akwai mai kama da ita, kamar yadda Ubangijinmu ya gargaɗe mu cikin Matiyu sura 7. Bari 'ya'yanmu su bi bayanmu zuwa ga Maganar Allah tun suna ƙanana, domin su iya rarrabewa ran da ba ma kusa.