ƘWANƘWASA UKU

Na san wata tana cin karo da kalmar karta a shafin nan za ta ce, "A'uzubillahi, me kuma ya haɗa marubuciyarmu da caca?" Ki yi haƙuri ki karanta. Ni dai ban taɓa zama tabarmar caca ba, ba na kuma fatan wani nawa ya zauna. Haramcinta a fili yake cikin Suratul Ma'ida aya ta 90, jiharmu ta Katsina kuwa tun shekarar 2000 take kan tsarin Shari'a. Amma duk da haka caca ta taɓa shigo mini har ɗaki babu sallama, ta ci mini N45,000, ina zaune ina jin lokacin da ake ci, ban san nawa ba ne.

A watan Agusta na 2019 na je wanka gidan Gwaggona da ta riƙe ni, a Magamar Jibiya, bayan haihuwata ta biyu. Wadda ba ta san Magama ba, nan ne bakin iyakarmu da Nijar, kina tsallakawa sai Ɗan Isa, daga nan ki miƙe Maraɗi. Gwaggo tuwo take sayarwa da shinkafa da wake kusa da tasha, direbobi da yaran mota su ne masu cinikinta. Kwana tara bayan Babbar Sallah, ranar 20 ga wata, aka wayi gari an rufe iyakokin Najeriya na ƙasa. Manyan motoci suka yi jerin gwano a gefen titi, wasu da kaya, wasu sun zo ɗauka. Da farko kowa cewa yake kwana biyu ne. Kwana biyu ya zama mako, mako ya zama wata.

To kin san namiji in ba shi da aikin yi. Bayan ɗakin da nake jego akwai wata bishiyar bedi, katangarmu kuwa tun damanar 2018 da ta yi wa Jibiya ambaliyar nan mai ban tausayi ta zube ta wannan gefen, aka kare da zana. Gindin bedin nan suka shimfiɗa tabarma. Da safe wot suke yi na nishaɗi, sai ki ji "ɗauki biyu!", "tafi kasuwa!", ana shewa kamar yara. Amma da zarar an sauko daga la'asar sai murya ta yi ƙasa, a koma wata iri da ake rufe kati ana ƙara kuɗi, in zagaye ya zo kanka ko ka bi ko ka ajiye. Mai jego ba ta da wurin zuwa. Daga wankan ganye sai kunun kanwa sai shayarwa. Kwana arba'in na yi ina sauraron mutanen nan, har na haddace muryoyinsu, wasu kuma na hango su ta ramin zana.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai raba katin. Wani dattijo ne siriri mai furfura a gemu, an ce tsohon ɗan kamasho ne. Shi ba ya wasa. Shi ke cuɗa kati, shi ke rabawa, kuɗi a gabansa ake tarawa cikin wani tsohon faranti, in gardama ta tashi maganarsa ce yanke. Yana da zoben azurfa a yatsa. Idan zagaye ya zo kan mutum ya tsaya nazari, sai ya ƙwanƙwasa zoben a bakin farantin: ƙwas. Can sai ƙwas. A na uku sai ya ce, "Ya wuce," ya sa hannu ya janye katin mutum, abin da ka riga ka zuba kuma ya tafi kenan. Ban taɓa jin wanda ya yi masa musu ya ci riba ba. Ƙato mai tuƙa tirela, wanda in ya daka tsawa yaran mota ke watsewa, sai ya yi tsaki kawai ya koma gefe.

A kwana a tashi kunnena ya gano wani abu. Tazarar ƙwanƙwasar nan ba ɗaya ba ce. Akwai wani Alhaji mai motoci da ke zuwa daga tsallake da sefa a aljihu. In shi ne ke nazari, wallahi tsakanin ta farko da ta uku nakan sauya wa jaririyata nono. Dattijon har tari yake yi, ya gyara hula, ya tambayi wani labarin hanya. In kuwa yaron mota ne, numfashi uku ne, ƙwas ƙwas ƙwas, ya wuce.

Auta, ɗan Gwaggo, yaron mota ne. Motarsu Kano za ta da an yi lodi, don haka na ɗauki kuɗin adashina da abin da na samu na barka na haɗa N45,000, na haɗa masa da rubutun sabon littafina cikin littattafan makaranta guda huɗu, ya kai wa mai maɗaba'a kafin alƙalami. Kayan da za su ɗauka suna tsallake, mota ta maƙale. Ni kuma sakarcina ban ce ya dawo mini da kuɗin in ajiye ba.

Ranar wata Laraba na ji muryarsa a bayan zana. Na ɗauka kallo yake. Na ji an ce, "Kai yaro, kanka ne." Na ji shiru. Na ji ƙwanƙwasa uku a jere kamar ana korar kaza. Sai na ji ya ce, "Baba tsaya mana, ban gama dubawa ba!" Aka ce, "Ya wuce."

Bayan isha'i ya shigo ya durƙusa bakin ƙofa, ya ajiye littattafan nan huɗu a gabana, babu kuɗi. Ya ce, "Yaya, ki yafe mani. Da dubu biyu na fara. Wallahi na ƙarshen nan katina ya fi na kowa, lissafi nike ko in zuba sauran, bai bar ni na yi tunani ba." Ban iya ce masa komai ba. Kuka ma sai da dare ya raba ya zo mini.

Gwaggo kuwa ba ta da wannan haƙurin. Washegari dattijon ya zo sayen tuwo kamar kullum, ta ce a shigo da shi zaure. Ina daga ɗaki ina ji.

Ta ce, "Malam, kai da furfurarka, ɗiyan mutane kake yankewa?"

Ya ce, "Hajiya, ni ban kira shi ba, ban kuma ci ko sisinshi ba. Rabo nike."

"To mi ya sa ba ka bari ya yi tunani ba?"

Sai ya yi wata magana da har yau nake juya ta. Ya ce mutum shida ne a tabarma, kowa da kuɗinsa a faranti, kowa zuciyarsa a wuya. In ya bar mutum guda ya zauna kan kati, wani sai ya kai magariba bai motsa ba. Ya ce masu jinkiri iri-iri ne. Akwai mai karanta fuskar abokan wasa, yana jira wani ya haɗiye yawu ya gane abin da ke hannunsa. Akwai mai son ya gajiyar da mutane su hasala su yi kuskure. Akwai kuma wanda ya san an ci shi, yana ja ne ko Allah zai kawo 'yan sanda ko hadari a watse, kowa ya wawuri nasa. Ya ce, "Randa na daina ƙwanƙwasa, Hajiya, wuƙa za a zare a gindin bedin nan. Na ga an yi."

Gwaggo ta ce, "Na ji. Nawa kake ɗauka duk zagaye?"

Ya yi shiru, sannan ya ce ɗan abin goro ne.

Ta ce, "Ashe in an yi zagaye talatin ka fi samu bisa ga in an yi goma. Shi kuma Alhajin tsallake da kake ma tari, agogonshi daban ne?"

Bai amsa ba. Ya ɗauki tuwonsa ya biya ya fita. Kuɗina dai ba su dawo ba, littafin nan sai bayan shekara guda da rabi ya fito.

Na daɗe ina jin haushin dattijon nan fiye da yadda nake jin na Auta, alhali Auta ne ya ci amanata. Daga baya da na zo rubuta wani labari mai ɗan caca a ciki, sai na shiga bincike a waya in ga yadda masu abin suke yi a inda aka mayar da shi sana'a. A birnin Las Vegas na Amurka akwai gasar karta da ake kira World Series of Poker, tun 1970 ake yin ta, irin wannan dai ta rufe kati da ƙara kuɗi. Abin mamaki, matsalar gindin bedi ita ce matsalarsu. Sai dai su a ƙa'idar da yawancin gasanninsu ke bi, ta wata ƙungiyar shugabannin gasa da aka kafa a 2001, mai raba kati ba shi ke yanke wa mutum lokaci ba. In wani ya daɗe, abokin wasa ne zai nemi a sa masa agogo. Sai a kira mai kula da zauren, ya duba ko da gaske an ba mutumin isasshen lokaci, sannan ya ba shi sakan 25, bayan nan ya ƙirga wasu biyar na ƙarshe da ƙarfi kowa na ji. In bai motsa ba katinsa ya mutu. A da minti guda cur ake bayarwa, suka ga ana wasa da hankalinsu suka rage. Wasu gasannin ma agogo suke ajiyewa a kan tebur, kowa sakan 30, mai kuɗi da talaka, a kuma ba kowa 'yan katunan neman ƙarin lokaci daidai wa daida, in ka ƙarar da naka shi kenan. A 2025 wani ɗan Ingila mai suna William Kassouf ya ishe su da surutu da jan lokaci, har suka rage masa zuwa sakan 10, da aka cinye shi kuma suka raka shi waje suka hana shi sauran gasar shekarar.

Kada wata ta ce ina yabon cacar Turawa. Wanda aka ci a Las Vegas da wanda aka ci a Magama duk kuka ɗaya matansu ke yi. Abin da na tsinta kawai shi ne, ko su da suka ƙware a ɓarna sun gane cewa hannun da ke raba kati bai kamata ya zama shi ke riƙe da agogo ba. Sun kuma yarda da rabin maganar dattijon: dole a yi wa mai nazari iyaka, don lokacin da yake ci ba nasa ne shi kaɗai ba. Wannan rabin ne ya fi yi mini ɗaci, domin na so a ce zalunci ne tsantsa in huta.

Mu mata ai mun san ƙwanƙwasar nan, ko ba mu taɓa riƙe kati ba. Ina aji shida na sakandare Babanmu ya aiko Gwaggo ta gaya mini an ba ni wata uku bayan jarrabawa in fito da miji, in ba haka ba yana da wanda zai ba. Yayana namiji kuwa sai da ya shekara talatin da biyu yana nazari, ana yi masa tari ana gyara hula. Ban ce Baba ya zalunce ni ba, Allah ya jiƙansa, akwai ƙannena uku a bayana da su ma ake jiran in matsa. Na dace da mijin kirki. Amma ƙawata da aka ba mu wa'adi tare, na farkon da ya yi sallama ta nuna don kada a ce ya wuce, yau aurenta na uku take.

Su kuwa direbobin gindin bedi, su da ake ƙirga wa sakan a tabarma, babbar tabarmar da suke kai babu wanda ya ƙirga musu. An buɗe wasu iyakoki huɗu a Disamba 2020, irin su Illela da Maigatari, ta Jibiya sai Afrilu 2022. Ba a jima ba sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum a Yuli 2023, aka sake rufewa a Agusta, sai Maris 2024 aka buɗe. Gwaggo ta rage tukunya daga uku zuwa ɗaya a tsakanin nan. Auta ya bar bin mota ya koma gyaran babur a Katsina, yana aiko mini da dubu biyu, dubu uku, duk sanda ya samu. Na ce ya bari ya ƙi. Saura N6,000. Dattijon kuma an ce ya koma wajen 'yarsa a wani ƙauye, idonsa ya yi rauni.

Kwanan baya aka ɗauke wuta da daddare, yara suka ɗauko wot ɗin da babansu ya hana a fita da shi waje, suka ce in raba musu, babu kuɗi, wanda aka ci zai wanke kwanuka. Su biyar ne har da ɗan kishiyata da 'yar maƙwabta. Ɗan kishiyata ya tsaya yana jujjuya kati, na ɗauki cokali na buga a bakin kwano, ɗaya, biyu, uku, na ce ya wuce, ya tafi kasuwa. Zagaye ya zo kan 'yata, wadda na goya a ɗakin nan na Magama. Ta tsaya tana ƙirga taurari da yatsa. Na buga ɗaya. Sai na ga fitila tana son gyara, na miƙa hannu ina murza lagwani.

Yaron ya ɗago kai ya ce, "Umma, ba ki buga na biyu ba."