Ɗakin da Na Yi Niyyar Rushewa

A daren da Inna ta nemi a mayar da ita gida, muna zaune ne a ɗakinta da ke unguwar Gangare cikin garin Jos, kowa ya duƙunƙune cikin bargo, kaskon garwashi a tsakaninmu. Watan Disamba ne na 2021, lokacin da sanyin Filato kan sa ruwan alwala ya zama abin tsoro. Da yake ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Sai ta dubi matata ta ce, "Ki gaya wa mijinki ya gyara mini kangon Madobi. Ba na son a haƙa mini kabari a cikin dutse." Na so in mayar da zancen wasa, amma da na ga ta ci gaba da jan carbinta ba tare da ta ɗago ba, na san ta daɗe da yanke shawara.

Kakana na wajen uba ya bar Madobi ne tun zamanin Turawa, ya hau tudun Jos cin rani a ramukan kuza don ya sami kuɗin haraji, rani ɗaya ya zame masa zaman rayuwa. A can aka haifi mahaifina, amma da ya isa aure sai aka koma tushe aka ɗauko masa 'yar dangi. Inna tana da shekara 15 aka sa ta a mota a 1962. Ta ga ƙonewar babbar kasuwar Taminus a 2002, ta kwana cikin fargabar rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, ta binne miji da 'ya'ya biyu, duk ba ta taɓa cewa za ta tafi ba. Sai yanzu, da ƙafa ta yi nauyi.

A watan Janairu na kama hanya. Wanda ya taso daga Jos zuwa Kano yana jin saukarsa a jikinsa tun kafin ya gani da ido. Daga Jengre zuwa Saminaka duwatsu suna ja da baya, a dajin Falgore mutum ya tuɓe rigar sanyi, kafin a kai Kwanar Ɗangora ƙasa ta shimfiɗe kamar tabarma. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, ƙasar Kano kuwa ba ta kai rabin haka ba. Na san wannan a littafi, domin na shekara 35 ina koyar da labarin ƙasa. Sanin allo ne kawai.

Kangon na same shi yadda ake samun gidan da aka bari. Katangar gabas ta faɗi, awakin maƙwabta sun mayar da tsakar gida tasu, gara ta yi shuri a inda madafi yake a da. Abu biyu ne suka tsaya da ƙafafunsu: wata tsohuwar tsamiya a tsakar gida, da soron kakana, ginin tubali mai rufin azara, wanda jemagu suka gaje. Kawu, ƙanin Inna, ya kira mai unguwa da dattawa biyu aka zagaya iyaka, aka nuna mini inda namu ya tsaya. Suna ta kirana "mutumin Jos". Abin ya ba ni dariya mai ɗaci, domin a garin da aka yanke mini cibiya baƙo ake ce mana, ga shi a garin kakana ma ban tsira daga sunan ba.

Na zo da zane a aljihuna: ɗaki uku da falo, ginin bulo, rufin kwano, tagogin gilashi. Gidanmu na Jos ne na kwafo, gidan da aka gina don ya tare iska ya riƙe ɗumi. Na ce a sare tsamiya a sami wurin ajiye mota, a kuma rushe soron. Tsohon maginin da Kawu ya kawo mini ya juya takardar sama da ƙasa, sa'an nan ya ce, "Malam, a wane wata ka taɓa kwana a garin nan?" Na ce yanzu. Ya ce, "Hunturu ya ruɗe ka. Zan yi maka sabon gini yadda kake so, kuɗinka ne. Amma tsamiya da soro, ka bar su su ga bazara. In ta wuce kana nan a kan bakanka, ni zan fara ɗaga gatari." Na yarda don kunyar furfurarsa, ba don na gamsu ba.

Azumin 2022 ya faɗo cikin watan Afrilu. Na dawo duba aiki, an gama rufi, na shimfiɗa katifa a sabon ɗakin da na ware wa Inna ina ta alfahari. Da rana zafi ya haura digiri 40. Kwano ya sha rana tun hantsi, bulo ya haɗiye ta, bayan sallar asham sai suka shiga amayar da ita a kaina. Tagar da na fuskantar da ita yamma don kallon hanya ta zame ƙofar tanderu. Na jiƙa zane na lulluɓa, kafin minti 20 ya bushe ƙayau. Wajen ƙarfe biyun dare na ja tabarma na fito, na rasa inda zan sa kaina, na tura ƙyauren soron kakana. Wani sanyi ya tare ni a bakin ƙofa, irin sanyin ruwan randa. Na zauna cikin warin jemage ina lissafi: tsohuwa mai shekara 75, mai hawan jini, wadda jikinta ya shekara 60 yana shan iskar dutse, da na kawo ta wancan ɗakin, da hannuna na kai ta kabarin da take zance.

Da safe na tafi gidan maginin na durƙusa na gaishe shi. Bai ce mini "na gaya maka" ba. Ya kama hannuna ya kai ni jikin soron, ya sa na auna kaurin bangon, ya fi kamu biyu. Ya ce ƙasa mai kauri a hankali take shan zafi, kafin ya ratsa ta dare ya yi, kafin ta gama sakinsa asuba ta kawo sanyi. Ya nuna mini 'yar tagar da ke can sama kusa da rufi, wadda na ɗauka rowar haske ce, ashe mafitar iska mai zafi ce. Ya nuna azarar giginya wadda gara ta kewaye ta bar ta. Tsamiyar kuwa, inuwarta ce ke rufe soron daga azahar zuwa la'asar. Kakana bai taɓa zama a aji ba, amma babin da na shekara ina karanta wa yara, shi da laka ya rubuta shi.

Sai dai hikimar kaka ma ba ta isa ita kaɗai ba, domin ƙasar da ya yi wa gini ta sauya. Madobin da Inna ke ba mu labari ta gero ce da dawa da gyaɗa, inda rani ke nufin ƙura da hutun manomi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, yankin ya daina sanin hutu. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa suna bin juna, manyan motoci suna lodi a Kwanar Gafan, samarin garinmu suna sammakon tafiya aikin dashe. Ruwan da ya kawo wannan arziki shi ya kawo sauron da ba ya jiran damina, ya kuma sa tsargiya ta zama abin da ake gargaɗin yara masu wanka a magudana. A Jos mun san zazzaɓin cizon sauro, amma ban taɓa jin kukansa cikin tsakiyar rani kamar na wannan dare ba.

Saboda haka aikin ya koma sabo, muka haɗa na da da na yanzu. Aka kori jemagu, aka sauke azara uku da suka gaji aka sa wasu, aka yi wa soron sabon yaɓe da makuba, aka gyara indararo don kada ruwan sama ya ci gindin bango. Aka ɗaga daɓen ƙasa da birji saboda danshi. Kafinta ya sa raga a kowace taga da ƙofa. Aka tone shurin gara har aka fito da uwarta. Sabon ginin kuma aka yi masa silin, aka toshe tagar yamma aka buɗe wata a arewa, aka kafa rumfar zana a gabansa. Na sayar da motar da na so in sare tsamiya dominta, na sayi faifan sola biyu da batir da fanka. A watan Agusta na sake zuwa na kwana uku, na tsaya cikin ruwan sama da lema ina kallon inda yake taruwa, muka haƙa masa kwata zuwa waje.

Akwai gyaran da ba na magini ba ne. Gonar da mahaifina ya gada tana hannun Kawu shekara 40 a matsayin aro, da ita ya aurar da 'ya'yansa. Takarda tana gefena, kuma na zo da niyyar karɓa. Amma daren soron ya koya mini jinkiri. Na tambayi kaina wa zai leƙo Inna in na yi tafiya, wa zai kawo mata fura, wa zai ɗauki makararta. Na bar masa gonar a kan ya riƙa auna mata abinci in an yi girbi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yanzu ka dawo gida." Tun daga ranar ban sake jin "mutumin Jos" a bakinsa ba.

Mun taso a ƙarshen Nuwamba, da gangan, don jikinta ya fara da hunturu ya saba a hankali kafin bazara. Kafin mu bar gari ta sa aka tsaya a gefen maƙabarta, ni na shiga na yi wa mahaifina addu'a, ita tana cikin mota ta rufe fuska da mayafi. Barguna shida ta rabar wa maƙwabta, ta riƙe ɗaya.

Da muka isa, mata suka cika gidan da guɗa da barka da zuwa. Na nuna mata sabon ginin da fentinsa da fankarsa. Ta leƙa, ta gyaɗa kai, ta wuce. Ta dogara sandarta har bakin soron, ta shafa bangon da tafin hannu, ta kai hancinta kusa da yaɓen. A nan, ashe, aka fara sauke ta tana amarya, ta kwana bakwai kafin a sa ta a motar Jos. Ban taɓa sani ba, ba ta taɓa faɗa ba, ni kuwa saura ƙiris in sa a mayar da shi tarin ƙasa.

Ta zauna a bakin gadon, ta dubi matata ta ce, "Ki gaya wa mijinki Allah ya yi masa albarka." Ina tsaye a bakin ƙofa, taku uku tsakanina da ita. Na ce amin, na fita na zauna a gindin tsamiya.