Garin Clones, Inda Kwarashi Ya Ci Da Gidaje

'Yar'uwa, yau zo mu leƙa Clones, wani ɗan gari cikin gundumar Monaghan ta ƙasar Ailan. Ƙasa ce mai sanyi da yawan yayyafi, ko'ina kore shar. In kin shiga wani tsohon sito da suka mai da gidan tarihi, za ki ga farar saƙar kwarashi, lallausa sai ka ce ta gizo-gizo.

Asalinta kuwa yunwa ce. Cikin 1845 cuta ta faɗa wa dankalin da suka dogara gare shi, kafin 1852 mutum wajen miliyan 1 sun mutu. A 1847 Cassandra Hand, matar limamin cocin garin, ta sa aka koya wa mata kwarashi don su sami na abinci.

Kin san kayan aikinsu? Allurar ɗinki ce a gutsure gefen kafarta ta zama ƙugiya, a kafa ta jikin ɗan itace, sai zaren auduga. Duka aljihu ɗaya ya ɗauke. Wannan ta saƙa fure, waccan ganye, wata ta harhaɗa, a sayar.

To, ke fa? Duba ƙarƙashin gadonki. Ulu kala-kala ya cika kwalla, ga hular jariri rabi, yaron kuwa har ya fara tafiya. Kuɗin cefane ne fa ke kwance nan, asu na ci.

Kada ki sayi sabon ƙulli sai kin gama na hannunki. Guntayen ki haɗa su marufin kwano. Abin da ba ki bukata, ba maƙwabciya. Allah ya sa wa hannu albarka, amin.