Dafa-dukan Taliya da Jatan Lande

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, na san wasu za su yi mamakin ganin namiji ya shigo wannan fili da zancen tukunya, alhali iyayenmu mata aka saba ji a nan. A yi mini haƙuri. Abincin da zan yi magana a kansa ƙarami ne, bai wuce minti 40 ba daga kunna wuta zuwa saukewa, amma ban taɓa ambatarsa a majalisa ba face wani ya tsayar da ni da tambaya, kuma tambayoyin sun fi girkin kansa nauyi.

Mu Hausawan Duwala a bakin teku muke zaune, amma cikinmu yana can arewa. Kakanninmu sun gangaro da shanu da fatauci, suka sauka a New Bell, suka zo da tuwo da miyar kuka da kilishi da tsire, har tsiren ya zama abin marmarin gari duka da sunan soya. Kifin da suka sani shi ne na kogin Binuwai da Tafkin Cadi: tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa, da banda da ake kawowa a kwali. Abin da ruwan gishiri ke fitarwa kuwa, in ba kifi mai ƙaya da ɓawo ba, sun bar wa maƙwabta. Ga shi kuma ƙasar da muke ciki daga jatan lande ta samo sunanta. A shekarar 1472 matuƙan jiragen ruwa na Fotigal suka shigo bakin kogin Wuri, suka tarar da shi maƙil da waɗannan halittu, suka raɗa masa Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande. Daga nan Jamusawa suka ce Kamerun, Faransawa suka ce Cameroun, mu kuma muka ce Kamaru. Ashe duk mai katin ɗan ƙasa a aljihunsa yana yawo da sunan jatan lande, ya ci ko bai ci ba.

Tambayar farko da ake yi mini ita ce ta halacci, kuma amsarta a mazhabarmu ta Malikiyya ba ta da wuya. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinta. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo hadisin Abu Huraira game da mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko za su iya alwala da ruwan teku, domin suna shiga jirgi da guzurin ruwa kaɗan. Amsar ta haɗa hukunci biyu: tsarkin ruwan, da halaccin abin da ya mutu a cikinsa. A kan haka Shaihu Halil ya lissafa dabbar ruwa cikin abincin da ya halatta a Muhtasar ɗinsa, ko da an same ta a mace, ba tare da buƙatar yanka ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tafi kusa da haka, sai 'yan abubuwa da suka keɓe, kamar kwaɗo da kada. Hanafiyya ne suka taƙaita halaccin ga kifi kaɗai, har malamansu suka yi saɓani a kan jatan lande, ko kifi ne ko ba kifi ba. Don haka idan kana da baƙo Baturke ko ɗan Pakistan, ka tambaye shi kafin ka ajiye masa kwano. Girmama mazhabar baƙo yana cikin girmama baƙo.

To amma hujja daban, zuciya daban. Ranar da na fara kai wannan abinci gidanmu, mahaifiyata ta buɗe kwanon, ta dube shi, ta dube ni.

"Kai, me ka kwaso mana haka? Ƙwari za ka ciyar da jikokina?"

Na ce, "Inna, ai farar ruwa ce. Ke da kike soya mana fara da yaji idan an kawo tsaraba daga arewa."

Ta ce, "Fara daban, wannan daban," ta tura kwanon gefe.

Malam yana zaune a kan buzunsa yana jinmu. Na zaci zai goya mini baya da nassi, tunda a gabansa na karanta babin. Sai ya ce, "Ƙyale mahaifiyarka. Halal ne, amma ba farilla ba ne." Ya tuna mini da ƙissar damo, wanda aka kawo gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya janye hannunsa bai ci ba. Da Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haramun ne, aka ba shi amsa cewa ba haramun ba ne, kawai dai ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba, ransa kuma bai karɓe shi ba. Halidu ya jawo ya ci a gabansa, ba a hana shi ba. Malam kansa ya ci loma uku a ranar, ya ce a ƙara lemun tsami. A ganina wannan ƙissa ta raba gardamar da ke tsakanin tsofaffinmu da yaran da aka haifa a bakin ruwa: mai ci ba ya da damar yi wa mai ƙi dariya, mai ƙi kuma ba ya da damar kiran abin ƙazanta.

Wasu kuma cewa suke yi abincin Nasara ne. Gaskiya ne mutanen Italiya ne suka shahara da haɗa taliya da kayan teku, amma taliya ba baƙuwa ba ce a gidan Musulmi. Malamin labarin ƙasa Al-Idrisi, a littafin da ya kammala a shekarar 1154 a tsibirin Siƙilliya, ya ambaci garin Tarabiya kusa da Falermo, inda ake yin wani abinci na fulawa mai kama da zare, ana kiransa idriya, ana loda shi a jirage zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Mu ma muna da tamu 'yar murji da ake ci da mai da yaji. Dafa komai a tukunya ɗaya kuwa, ai sunansa ma namu ne: dafa-duka.

Abu ɗaya ne a girkin Turawa ya wajaba a yi hattara da shi. Littattafan girki na Faransanci da na Italiyanci kusan duk suna cewa a zuba farar giya a kan kayan teku, wasu kuma su kwantar wa mutum da hankali cewa wuta tana ƙone ta. Ba ta ƙone ta duka, musamman a girki na 'yan mintoci, kuma ko da ta ƙone, a wurin malamanmu giya najasa ce, idan ta shiga romo ta ɓata shi. Aikinta a tukunya shi ne ta ba da ɗan tsami, ta kuma ɗago abin da ya manne a gindi. Romo mai zafi da lemun tsami suna yin wannan aiki. Wanda ya shiga gidan abinci a Akwa ko Bonanjo ya ga taliya da kayan teku a takardar abinci, ya tambaya kafin ya ce a kawo.

Sai tambayar da ta fi zafi, wadda ba a yin ta sai da murmushi: namiji da tukunya? Ni dai larura ce ta koya mini. A gidan gado na dā, idan mace ta kwanta akwai abokiyar zama, akwai ƙanwar miji, akwai 'yan mata. A ɗakin haya na Duwala babu kowa sai kai da ita da yara. Gwaggon da ta zo zaman jego takan koma bayan arba'in, zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya sallama kafin ya shigo. A irin wannan dare abu biyu ne a gaban maigida: ko ya sayo abincin titi wanda bai san mansa da namansa ba, ko yara su kwana da burodi da shayi. Mai shayi namiji ne, mai tsire namiji ne, fatake sun yi ta dafa wa kansu a zango, almajiri ma ya san hura wuta. Ban ga dalilin da zai sa girki don kuɗi ya zama sana'a, girki don 'ya'yan cikinka ya zama abin kunya ba. Buhari ya ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, abin da Annabi yake yi a gida, ta bayyana cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Wanda ya kira ni mijin-ta-ce, da wannan nake ba shi amsa, in kuma ya zo da yunwa in zuba masa.

Ga yadda nake yi wa mutum biyar. Taliya ƙunshi ɗaya mai giram 500, jatan lande rabin kilo da kawunansa, da tsokar kifi mai ƙarfi kamar bar, giram 300, a yanka gutsi-gutsi. Albasa biyu, tafarnuwa ƙwaya shida, tumatir biyar nunannu, attaruhu ɗaya, man gyaɗa, gishiri, lemun tsami, da farin masoro. Idan an samu na Penja ya fi, wanda ake nomawa a ƙasar duwatsun wuta ta Mungo, wanda kuma tun shekarar 2013 doka ta kare sunansa don kada a sayar da wani a madadinsa.

A ɓare jatan landen, a tsaga bayansa a zare baƙin zaren nan, domin hanjinsa ne, yakan zo da yashi. Kawuna da ɓawo kada a zubar, a nan daɗin yake. A sa mai ya yi zafi, a soya tsokar minti ɗaya kowane gefe, a kwashe a faranti. A cikin man nan a zuba kawunan da ɓawon, a soya har su yi ja, ana dannawa da bayan ludayi, sannan a zuba ruwa lita ɗaya da rabi ya tafasa minti 10, a tace a kwano. Wannan romo ya wadatar, ba sai an nemi dunƙulen miya na kanti ba. A mayar da tukunyar wuta da ɗan mai, a soya albasa da tafarnuwa, a bi su da tumatir da attaruhu har ruwansu ya tsotse mai ya taso. A juye romon. Gishiri kaɗan za a sa, domin wannan ruwa ba zubar da shi za a yi ba, ƙafewa zai yi, gishirin kuma ya taru.

Da ya tafasa sai a karya taliyar biyu a zuba. Mutanen Italiya ba sa son a karya ta, amma su ba su san ƙaramar tukunyarmu ba. A bar ta a buɗe, ana juyawa a kai a kai don kada ta kama, tsawon minti 10 ko kusa da haka, da butar ruwan zafi a gefe ko da za ta nemi ƙari. Sirrin tukunya ɗaya a nan yake: garin da taliya ke saki idan tana dahuwa, wanda aka saba tsanewa a zubar, shi ne ke zama a ciki ya haɗa mai da romo su yi kauri su lulluɓe kowane zare. Saura minti biyar a jera kifin a sama, daga nan a rage juyi don kada ya farfashe. Jatan landen shi ne na ƙarshe, minti ɗaya ko biyu. Idan ya lanƙwasa kamar baka ya dahu. Idan ya naɗe kamar zobe ya wuce, sai tauna kamar danƙo. A sauke da sauran ɗan ruwa, a matsa lemun tsami, a barbaɗa masoro da lawashi ko ɗaɗɗoya, a rufe minti uku.

Wurin saye ya fi wurin dafawa haɗari. Mai iko ya je Yupwe da sassafe lokacin da kwale-kwale ke shigowa. Sabon jatan lande jikinsa da ƙarfi, kansa a manne, ƙanshin ruwan teku yake yi. Wanda kansa ya yi baƙi ya saki, ko warinsa ya soki hanci, a bar shi ko da kyauta ne. Na firijo ba laifi, amma a garin da ake ɗauke wuta, idan ka ga ƙanƙara ta dunƙule su wuri ɗaya da jan ruwa a ƙasan leda, alama ce ta sun narke an sake daskarar da su. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa sam. Yaron da bai taɓa ci ba a fara masa da kaɗan, da rana; idan aka ga ƙuraje masu ƙaiƙayi, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa nan take, ba a jira safiya. Abin da ya rage kuma ba a barinsa ya kwana a zafin Duwala, gara a miƙa wa maƙwabci tun yana da ɗumi.

Inna dai har yau da bandar tarwaɗa ake yi mata nata, a ƙaramar tukunya daban. Romon kawunan ne kawai ta yarda a zuba mata, da sharaɗin a tace shi sau biyu, kada ta ga ƙafa ko gashin baki.