Daga Kabong Zuwa Heipang: Matafiyi Da Tabar Lantarki A Bakin Ƙofar Jirgi

Unguwar Kabong tana cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, kuma da Gada Biyu aka fi saninta, inda motoci ke gangarowa daga shataletalen Polo cikin hankali saboda tsananin gangaren. Wanda duk zai hau jirgin sama daga wannan unguwa sai ya yi sammako, domin filin jirgin Yakubu Gowon yana can Heipang, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, kudu da gari. Hanyar takan bi ta mahaɗar da har yanzu ake kira da sunan tsohon filin jirgi, ta ratsa Bukuru, ta kai Mararrabar Jama'a. Daga nan sai fili ya buɗe, ga duwatsu kamar an ɗora su da hannu, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ga gonakin dankalin Turawa.

Mutanen Kabong ba sa bukatar a gaya musu amfanin bincike. A daren jajibirin Kirsimeti na 2010 bama-bamai sun tashi a unguwar da kuma Angwan Rukuba, aka yi asarar rayuka masu yawa. Saboda haka in an ce wa mutumin wurin ya buɗe jakarsa, ba ya ganin an ci masa fuska. Abin da ke ɗaure wa wasu matafiya kai shi ne yadda ɗan ƙaramin abu kamar tabar lantarki ke sa a tsai da mutum.

Ita wannan taba wani mai haɗa magunguna na ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙago ta a 2003. Ba a kunna ta da ashana. Batir ne ke ɗuma wani ɗan siririn ƙarfe, shi kuma ya mai da ruwan da ke ciki tururi. Batirin nan, wanda ake yi da sinadarin litiyam, shi ne tushen maganar. In ya sami rauni, ko maɓallin ya dannu a cikin kaya, yakan yi zafi har ya kama da wuta mai wuyar kashewa. A watan Satumba na 2010 wani jirgin kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Dubai bayan gobara ta tashi a cikin kayan da ke ɗauke da irin waɗannan batura, matuƙansa biyu suka rasu.

A 2015 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO, ta hana sa tabar lantarki a cikin akwatin da ake aunawa a tura ƙarƙashin jirgi, ta kuma hana yi mata caji a cikin jirgi. Dalilin a fili yake. Hayaƙin da ya tashi daga jakar hannu ma'aikata za su gani su kashe, amma wanda ya tashi a ɗakin kaya ba mai iya kai masa hannu. Nijeriya kuwa tana cikin wannan hukuma, kuma ma'aikatan tsaro na Hukumar Filayen Jiragen Sama ta Tarayya, FAAN, su ne ke haska kaya a Heipang.

Don haka, mai karatu, wurin tabar nan shi ne aljihu ko jakar hannu, a kashe, batirin da ke ware kuma a rufe bakinsa kada ya haɗu da makulli ko kuɗin ƙarfe. Iska takan yi sauƙi in jirgi ya lula sama, sai ruwan tabar ya tsiyaye ya ɓata tufafi, shi ya sa masu dabara kan juye shi tun a gida. Zuƙarta a cikin jirgi, ko da a makewayi ne, haramun ce kamar sigari.

Wanda tafiyarsa ta zarce Legas ko Abuja zuwa ƙetare yana da ƙarin nauyi. Tun 2006 aka taƙaita ruwan da ake shiga da shi a jakar hannu zuwa mililita 100 a kowace kwalba. Har ila yau, Indiya, wadda 'yan Nijeriya ke zuwa neman magani, ta haramta shigo da tabar da sayar da ita a 2019, Singafo kuma ta mai da mallakarta laifi tun 2018. Abin da ya wuce lami lafiya a Heipang yana iya jawo tara a can.

Ma'aikacin da ya ce a fito da abin a ajiye a faranti ba neman rigima yake yi ba, domin rayukan duk waɗanda ke bayan layi suna cikin lissafinsa. Rigakafi dai ya fi magani, kuma wurin yinsa shi ne ɗaki, a Kabong, kafin a rufe akwati.